Shanu Tara a Bakin Kwami

Ranar Alhamis da hantsi, damina tana tsaka, shanu tara suka faɗi a bakin kwamin shayar da dabbobi na Alhaji Abdulsalami a Gangaren Kuka, wani ƙauye da ke bayan Fagam. Ko jinya ba su yi ba. Sun sha ruwan gishirin da aka dama musu, suka koma gefe suna karkarwa, cikinsu ya kumbura tim, kumfa ta cika musu baki. Kafin a nemo wuƙa sun zama mushe.

Kafin a kira azahar garin ya gama shari'a. Guba ce, kuma Ɗanbala ne ya zuba ta.

Shi Ɗanbala manomi ne, fadamarsa ce ke iyaka da makiyayar Alhaji. Bara shanun nan suka cinye masa shinkafa, ya tsaya a tsakiyar kasuwa ya ce wata rana sai ya ga bayansu. Kowa ya ji. Saboda haka aka kamo shi daga gona da laka a ƙafarsa, aka ɗaure shi a zauren mai unguwa Musbahu. Mai unguwa ya yanke magana: in Asabar ta yi, aka sallame la'asar, babu wani sabon bayani, Ɗanbala zai bar garin da iyalinsa, fadamarsa kuma ta koma hannun Alhaji a madadin shanunsa.

Matar Ɗanbala, Hapsatu, ba ta tsaya kuka ba. Da safiyar Juma'a ta hau babur ta nufi Sundimina, can ƙasar Birnin Kudu, wurin Sada mai bin sawu.

To, in ba ku san Sada ba, ba ku san kowa ba. Shekarunsa sun haura saba'in. Bai taɓa zama a aji ba, ko sunansa ka rubuta ka miƙa masa sai ya riƙe takardar a juye. Amma ƙasa yake karantawa, kuma ƙasa ba ta taɓa yi masa ƙarya ba. Bijimi ya taɓa ɓarke masa cinya. Kububuwa ta sare shi sau biyu. Ɓarayin shanu sun kafa masa kibiya a kafaɗa, ya zare ta da hannunsa ya ci gaba da bin su. Duk waɗanda suka yi masa wannan aika-aika sun daɗe a ƙasa, shi kuwa ga shi yana cin tuwonsa da haƙoransa. Ba ya jiran wani ya ba da wannan labari, shi yake bayarwa da bakinsa.

"Baba, za su kore mu," in ji Hapsatu, tana tsaye a ƙofar gidansa. "Mijina mai baki ne, na sani. Amma ko kaza ba ya iya yankawa sai ya kira maƙwabci."

"Yaushe aka yi ruwa na ƙarshe a garinku?"

"Laraba ya ɗauke, Baba."

"Tun nan bai sake sauka ba?"

"Ko ɗigo."

Sada ya miƙe ya ɗauko sandarsa, wata tsohuwar sandar gora mai tsaga-tsagar awon sawu daga kai har gindi. "To Allah ya so ki. Ƙasa tana nan da bakinta. Mu tafi tun jama'arku ba su gama tattake shi ba."

*

Sun iso bayan an sauko daga masallaci. Da Sada ya ga bakin kwamin, sai ya buga sandarsa a ƙasa.

"Wane irin mutane ne ku? Kasuwa kuka ci a nan? Har da mai tallan gyaɗa, ga ɓawonta! An yi ɓarna, maimakon ku tsaya nesa, kowane gaula ya zo ya yi rawa a kai. Kwamin kuma wa ya wanke shi?"

"Alhaji ne ya sa a wanke, kada sauran dabbobi su lasa," in ji mai unguwa Musbahu, yana gyara hula. Bai saba a yi masa tsawa a gaban talakawansa ba. "Malam Sada, ai aikin ya ƙare. Muna da shaida. Ga kuma wannan."

Ya miƙo wata kwalbar maganin feshi, wadda aka tsinto a bakin fadamar Ɗanbala. Sada ya karɓa, ya ɗaga ta sama, ya leƙa bakinta, sai ya tuntsire da dariyar da babu daɗi a cikinta.

"Ranka ya daɗe, leƙa nan. Me ka gani?"

"Laka ce."

"Gidan zanzaro ne. Ya gina, ya rufe, har ya bushe. Kana nufin jiya aka tsiyaye guba daga nan, zanzaro ya zo ya yi gini ya tare a kwana ɗaya? Ko magina na Birnin Kudu ba sa wannan sauri." Ya wurgar da kwalbar. "Wa ya dama wa shanun ruwan?"

"Kamaluddeen, makiyayin Alhaji. Amma kada ka ɓata lokacinka a kansa. Shekara ashirin da biyu yana riƙe da garken nan, ko akuya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Kamalu ba ya kuskure. Mutumin da ba ya zuba wa dabba komai sai ya ɗanɗana a harshensa? Ga tsoron Allah, Litinin da Alhamis ba sa wuce shi bai yi azumi ba."

Jama'a suka ɗauka, kowa na cewa haka ne, Kamalu ba ya kuskure.

Sada ya dube su ɗaya bayan ɗaya. "Ba ya kuskure. To mala'ika kuka ɗauka kiwo ke nan."

Ya bar su ya zagaya bayan gidan Alhaji. Akwai wani siririn lungu tsakanin danga da danga, wanda ya tashi daga ɗakin ajiya ya fita zuwa kwami. 'Yan kallo ba su bi ta nan ba. Laka ce mai laushi, ta bushe da duk abin da aka rubuta a kanta. Sada ya tsuguna, ya kwantar da sandarsa, ya daɗe yana gwadawa. Ya kai hannu ya tsinci wani farin ɗan ƙulli a gefen danga, ya taɓa a harshensa, ya tofar. Ya miƙe ya tafi neman makiyayin.

*

Ya tarar da Kamaluddeen zaune a gindin kuka, kusa da sauran shanun. Mutum ne dogo, ya doshi hamsin, idanunsa sun faɗa ciki.

"Tashi ka yi tafiya in gani," in ji Sada.

"Ina zan je, Baba?"

"Makka za ka. Na ce ka taka daga nan zuwa wancan turke."

Kamalu ya taka. Sada ya bi bayansa da sanda yana gwada tsakanin sawu da sawu.

"Takunka na yau ya fi na jiya da yatsa huɗu. Jiyan kuma babban yatsanka yana jan ƙasa, ka bugi danga sau biyu a lungun da ka shekara ashirin kana bi. Kwana nawa ka yi ba ka yi barci ba?"

Kamalu ya sunkuyar da kai. "Uku. An ce ɓarayi sun shigo yankin, Alhaji ya ce in riƙa kwana a tsaye. Da rana kuma in tafi gona zuba taki, don ya sallami masu aikin biyu."

"Kullum Alhamis kake ba su gishiri?"

"A'a, Laraba ce ranar gishiri, tun ina saurayi. Wannan makon ne Alhaji ya ce taki ya fi gaggawa, a ɗage zuwa Alhamis."

"Gishirin fa, daga ina?"

"Namu ya ƙare wancan makon. Alhaji ya ce zai sayo a Gwaram. Da na shiga ɗakin da sassafe na tarar da buhu cike a inda yake zama, hannun dama bayan ƙyaure. Ya dunƙule saboda laima, na fasa na ɗebo ƙwarya uku. Alhaji yana ƙofar gida yana ta kirana, wai rana tana yi, masara ba za ta jira ni ba."

"Da ka zuba ka dama da hannu, me ka ji?"

Kamalu ya dubi hannunsa. "Sanyi. Ruwan ya yi sanyi ƙarara, har yatsuna suka ƙage. Na ce ko don safiya ce." Ya waiwaya wajen sauran shanun. "Baba, saniyar nan Gwamma tana cikinsu. Da hannuna na ciro ta daga cikin uwarta. Duk wanda ya yi wannan, Allah ya isa."

Sada ya dube shi ya daɗe. Abin da ya zo masa baki ya haɗiye shi, ya juya ya tafi.

*

Alhaji Abdulsalami ya karɓe shi a rumfar ƙofar gida, a kan darduma, ga takalminsa sau-ciki a gefe, sabon gogewa.

"Malam Sada, sannu da hanya. Mun ji sunanka. Sai dai matar nan ta wahalar da kai a banza."

"Ni ake wahalarwa? Na bi sawun raƙumi kwana goma sha ɗaya da ƙafar nan. Buɗe mini ɗakin ajiyarka."

Ɗakin ba shi da taga. Ko da rana tsaka sai ka lalube. Buhunan takin yuriya suna jingine a hagu. A ƙarƙashinsu akwai wani yagaggen buhun taki, babu komai a ciki. A dama bayan ƙyaure kuwa babu komai, sai shatin gindin buhu a ƙasa.

"Ina buhun gishirin?"

"Ya ƙare, an yar."

"Ƙwarya uku aka ɗiba ya ƙare? Ƙaramin buhu ne ke nan."

"Ban ƙirga ba," in ji Alhaji, fuskarsa ta ɗaure. "Ni aka kashe wa dukiya, ni kuma ake yi wa tambaya? Ka je ka tambayi Turai, ita ta ga mutumin da idonta."

"Zan je. Amma sai gobe da hantsi, daidai lokacin da ta gan shi."

Da zai fita ya yi kamar ya yi tuntuɓe, sandarsa ta faɗi a kan takalman Alhaji. Ya ɗauke ta a hankali, babban yatsansa a kan wata tsaga.

*

Inna Turai tsohuwa ce mai sayar da daddawa, gidanta yana yamma da kwamin. Ita ta rantse cewa ta ga Ɗanbala ya sunkuya yana zuba wani abu. Asabar da hantsi Sada ya tsayar da ita a ƙofar gidanta, a daidai inda ta ce ta tsaya. Ya riga ya auna: taku ɗari da arba'in ne zuwa kwamin, rana kuma tana fitowa daga can bayan kwamin, tana dukan ido.

"Ke tsohuwa, ga mutum can ya sunkuya. Wane ne?"

"Wa kake kira tsohuwa, kai da ka ga zamanin Bature? Idona garau yake." Ta kare fuska da tafin hannu, ta ƙanƙance ido. "Wannan ai mai shayin bakin masallaci ne. Ga ƙeyarsa nan."

"Kin tabbata?"

"In rantse maka?"

"A'a, rantsuwa ɗaya ta ishe ki a mako." Sada ya ɗaga sanda. Mutumin ya miƙe ya tako. Mai unguwa Musbahu ne da kansa, fuskarsa kamar an aiko masa da mutuwa.

Matan da suka taru suka ƙyalƙyale. Turai ta kama haɓa.

Sada bai yi dariya ba. "Mai unguwarku, wanda kike gaisarwa kullum, kin mai da shi mai shayi. Da wannan idon kika ɗaure mutum, kika tashi raba 'ya'yansa da gonarsu! Gaya mini gaskiya. Lokacin da kika ga mutumin nan ran Alhamis, kin ce a ranki Ɗanbala ne?"

"Na dai ga mutum dogo ya sunkuya."

"Kamalu ma dogo ne, kuma aikinsa ne ya sunkuya a wurin. Yaushe ya zama Ɗanbala?"

Turai ta yi ƙasa da murya. "Bayan shanun sun faɗi. Alhaji ya zo nan ya ce, Inna, ba Ɗanbala kika gani ba? Sai na ga kamar shi ne. Da na faɗa sau biyu kuma sai na ga shi ɗin ne sosai."

Hapsatu ta yunƙuro za ta yi kanta, Sada ya tare ta da sanda. "Bar ta. Je ki aro mini ƙugiyar ciro guga da igiya mai tsawo. Kada ki gaya wa kowa."

*

Bayan la'asar duk garin ya hallara a ƙofar gidan Alhaji, don Sada ya ce a nan zai yi magana, ba a zauren mai unguwa ba. Aka kawo Ɗanbala da igiya a hannu, aka zaunar da shi a ƙasa. Kamalu yana tsaye a baya. Kusa da ƙafar Hapsatu akwai wani abu lulluɓe da tabarma.

Sada ya sa aka shigar da ƙwarya biyu ɗakin ajiya. Ɗaya gishirin da ya dunƙule, ɗaya takin yuriya da ya dunƙule. Ya zaɓi magidanta goma.

"Kowa ya shiga, ya taɓa a harshe, ya tofar, ya gaya mini wacce ce gishiri."

Goma suka shiga, goma suka faɗi daidai. Gishiri gishiri ne, taki kuwa ɗaci gare shi da wani sanyi-sanyi.

"To a sauya wa ƙoren wuri. Yanzu ban da harshe. Ido da hannu kawai."

Bakwai suka dace, uku suka ɗauko taki. Dariya ta fara tashi, Sada ya daka tsawa aka yi tsit. Ya zaɓo wasu goma daga cikin waɗanda suka wuni suna noma, ko wanka ba su yi ba, ya haɗa da mai unguwa ya cika sha ɗaya. Duk wanda ya shiga, sai Sada ya hau dukan ƙyauren da sanda yana ihu: "Fito! Rana tana yi! Masara ba za ta jira ka ba! Kai wane irin malalaci ne?"

Huɗu kacal suka fito da gishiri. Mai unguwa yana cikin waɗanda suka fito da taki, yana riƙe da ƙwaryar yana kallonta.

"Kun gani?" in ji Sada. "Waɗannan fa mutanen da suka yi barci jiya ke nan. Babu gubar da aka zuba a kwamin nan. Takin yuriya shanun suka sha. Duk manomin da ya taɓa jiƙa shi ya san yadda yake sanyaya ruwa har hannu ya ƙage. Kamalu, ran Alhamis ka ɗanɗana?"

Kamalu ya kai hannu ya taɓa leɓensa.

"Ina azumi," ya ce, da ƙyar ake jinsa. "Na kai hannu baki, sai na tuna, na sauke." Ya durƙushe. "Innalillahi. Ni ne. Da hannuna."

Nan take wurin ya kaure. "Ashe Kamalu ne!" "Munafuki, yana kuka da mu!" "A kwance Ɗanbala a ɗaure shi!" Wani har ya fara warware igiya.

Sada ya shiga tsakiya ya zabga sandarsa a ƙasa har ƙura ta tashi.

"Wanda ya taɓa shi sai na fasa masa kai, ko ni ko shi! Ku ba ku da aiki sai ɗauri? Jiya kuna cewa ba ya kuskure, yau kuna neman igiya. Ku ne kuka cuce shi da wannan magana! Da kuka ce ba ya kuskure, sai kowa ya jibga masa kaya ya tafi ya kwanta."

Ya fizgo karan dawa daga danga, ya kakkarya, ya fara jerawa a ƙasa.

"Wannan barcin kwana uku ne da aka hana shi. Na auna shi a takunsa, yatsa huɗu. Wannan duhun ɗaki ne, kun ga ya kayar da uku cikin goma. Wannan ihun da ake yi masa a ƙofa, ya kayar da mai unguwarku. Wannan ranar da aka sauya. Shekara ashirin da biyu yana ba da gishiri ran Laraba, ranar da bakinsa yake buɗe, aka tura shi ranar da harshensa yake ɗaure." Ya ɗaga kara na biyar, wanda ya fi sauran tsawo. "Wannan kuma buhu ne. Ku cire ɗaya daga cikin biyar ɗin nan, ɗaya tak, da shanun nan suna kiwo yanzu. A cikinsu wanne Kamalu ya kawo da kansa? Azumin? To ku ɗaure shi don ya yi azumi!"

Babu wanda ya motsa.

"'Yar nan, buɗe."

Hapsatu ta yaye tabarmar. Buhun gishiri ne, da hoton gishiri a jikinsa, cike da farin taki har wuya, ga ramin ƙwarya uku a samansa.

"Daga tsohuwar rijiyar da ta ƙafe a bayan masarar Alhaji muka ciro shi," in ji ta cikin fushi. "Da hannuna na ja igiyar."

Sada ya juya ga Alhaji Abdulsalami. "Buhun takinka ya yage wajen saukewa, ga yagaggen can a ɗaki. Ka juye a tsohon buhun gishiri, ka jingine shi a mazaunin gishiri, ba ka gaya wa kowa ba. Gishirin da ka ce za ka sayo kuwa ba ka sayo ba. Haka ne ko ba haka ba?"

"Mantuwa ce," in ji Alhaji, gumi yana bin wuyansa. "Kai da bakinka ka ce ɗan Adam yana kuskure. Ni ma abubuwa sun yi mini yawa."

"Na yarda. Wannan mantuwa ce, na sa maka ita a cikin kara, ban ce a ɗaure ka a kanta ba. Amma akwai wani sawu a lungun nan, a kan na Kamalu, wato bayansa aka taka. Takalmi sau-ciki, dugadugin hagu ya cinye ta waje. Na gwada shi da wanda ke ƙafarka. Ya fita da nauyi, ya nutse a laka. Ya dawo babu nauyi. Shanu suna kwance suna shure-shure, kai ka shiga ɗaki ka gane abin da ya faru, ka saɓi buhu ka kai rijiya, ka sa aka wanke kwami, sannan ka wuce gidan Turai ka sa mata suna a baki."

"Ruɗewa na yi! Hankalina ba ya jikina!"

"Ƙarya kake!" Sada ya ɗaga sandar har saitin hancinsa. "Na shekara sittin ina bin sawun ruɗaɗɗu. Ruɗaɗɗe takunsa yana tsawo yana gajarta, yana waiwaye, ƙafarsa tana karkacewa. Na auna naka daga ɗaki har rijiya, taku tamanin da shida, na auna na dawowa. Ko yatsa ɗaya babu wanda ya fi wani. Ka yi barci, ka karya kumallo, rana tana haska maka hanya, babu mai yi maka ihu. Har kwatami ka tsallake don kada takalminka ya ɓaci. Na nemi abin da zan karya maka kara a kansa, wallahi ban samu ba. Fadamar mutumin nan ka gani, shi ke nan."

Alhaji ya duba dama, ya duba hagu. Duk wanda suka haɗa ido sai ya kau da kai. Inna Turai ce ta fara magana, ta tofar da yawu a gefe.

"Ka sa na rantse da Allah a kan ƙarya, Abdulsalami. Ni da na goya ka."

Mai unguwa Musbahu ya ajiye ƙwaryar takin da har yanzu take hannunsa. Bai aiki kowa ba, shi ya tsuguna ya kwance igiyar da ke hannun Ɗanbala.

"Fadamarka taka ce," ya ce. "Maganar Alhaji kuma ta fi ƙarfin zaurena, gobe zan kai ta gaba. Ka yafe mana."

Ɗanbala ya murza wuyan hannunsa inda igiya ta yi shati. Mutumin da baki ya jefa shi a wannan hali, yau bai ce wa kowa uffan ba. Ya dubi Kamalu da ke durƙushe, ya dafa kafaɗarsa sau ɗaya. Sannan ya juya ga matarsa.

"Hapsatu, ina fartanyata? Kwana uku ciyawa tana cin shinkafar nan."

Jama'a suka buɗa masa hanya, ya bi ta tsakiyarsu ya gangara fadama.

Kamalu ya miƙe a hankali. Ya ɗauki sandar kiwonsa, wadda hannunsa ya goge har tana sheƙi, ya ajiye ta a gaban takalman Alhaji. Ya taka zuwa gindin kuka, ya kwanta a ƙasa babu ko tabarma, ya sa hannu ya yi matashi. Kafin mutane su gama watsewa barci ya ɗauke shi.

Shanun da suka rage suka fara kuka, lokacin shayarwa ya yi. Alhaji ya leƙo daga rumfa, bakinsa ya buɗe zai yi kiran da ya saba. Sai ya ga Sada zaune a kan saiwar kukar, ya miƙe ƙafar nan da bijimi ya ɓarke, sanda a kan cinya.

"Kira shi," in ji Sada. "Don Allah kira shi in gani. Guga yana bakin rijiya, Alhaji. Cire takalmin ka ja ruwa."